Za a sayar da kwamfutocin marigayi, hotunana na ciki

Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Ya bar shagon kwamfuta a kusa da wata makaranta, inda ya daɗe yana yi wa mutane rajistar JAMB da WAEC, da buga takardu, da fotokwafi, da cike fom na neman aiki. Yanzu za a raba gado, ƙaninsa ya samo wanda zai sayi kayan shagon gaba ɗaya: kwamfutocin tebur uku, da babban injin fotokwafi, da laftof ɗin da yake zuwa da ita gida. Akwai kuma rumbun ajiya guda biyu a durowa, abin nan da masu gyara ke kira had dis. Tun yana raye suka daina aiki; ɗaya in an jona shi sai ya riƙa ƙas-ƙas, ɗayan kuwa shiru. Su kuma baffan yara ya ce 'yan jari bola za a ba. Damuwata ita ce a cikin laftof ɗin da ɗaya daga matattun akwai hotunana na cikin ɗaki, irin waɗanda miji kaɗai ya kamata ya gani, da hotunan yara. Na yi masa maganar a fakaice, ya ce ai mai saye zai yi fomat, wato ya goge abin da ke ciki, matattun kuma sun riga sun mutu. Ina jin nauyin in fito masa fili, kuma ba na son a ce ina riƙe kayan gado. Wata ƙawata ta ce in jiƙa su a ruwa da dare in mayar da su wurinsu. Me zan yi?

Daga wata baiwar Allah, Zariya

Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari.

Damuwarki ba waswasi ba ce. Kada ko ɗaya daga kayan nan ya bar shagon da rumbunsa a ciki yadda yake, matattun nan biyu kuma kada su shiga buhun ɗan jari bola yadda suke. Shawarar ƙawarki kuwa ki ajiye ta gefe. Ruwa yana iya lalata allon wutar da ke bayan rumbu, amma rubutun da ke kan faifan ciki da maganaɗisu aka yi shi, ruwa ba ya wanke shi. Za ki ɓata dukiyar da marayu ke da haƙƙi a ciki, a ɓoye, hotunan kuma suna nan daram.

Baffan yara ba ƙarya ya yi miki ba, abin da yawancin mutane suka ɗauka ne ya faɗa. Kwamfuta tana da wani kundi inda take rubuta sunan kowane hoto da kowace takarda, da wurin da ta ajiye su. In aka danna gogewa, ko aka yi fomat ɗin gaggawa irin wanda ke ƙarewa kafin mutum ya gyara zama, wannan kundin kawai ake taɓawa. Kamar mai gidan haya ne ya yage littafin da ya rubuta sunayen 'yan haya: littafi ya tafi, amma kowa na nan a ɗakinsa har ranar da aka zuba wani a madadinsa. Hotonki zai ci gaba da zama a kan faifai sai ran da wani sabon abu ya hau daidai gurbinsa, kuma a rumbu mai girma wannan rana tana iya ƙin zuwa. Ko an ɗora sabuwar Windows, ɗan yanki kawai take cinyewa. Manhajojin da ke tono abin da aka goge kyauta ake saukar da wasunsu a intanet, yaron shago mai wata shida a bakin aiki ya iya su, domin da su yake ceto mutanen da suka goge aikinsu bisa kuskure. Kalmar sirrin da marigayi ya sa a bakin Windows ma ba ta hana komai: a zare rumbun a jona wa wata kwamfuta, sai ga komai a buɗe, in dai ba rumbun kansa aka kulle ba.

An daɗe da gwada wannan. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon rumbuna 158 da suka saya na hannu. Guda 129 ne ke aiki, a cikinsu 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A sauran suka tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙun mutane. Da yawa daga masu rumbunan sun yi fomat kafin su sayar, sun kwana da sanin cewa sun gama.

Sannan ki lura da wanda aka ce zai yi fomat ɗin: mai saye. Wato sai kaya sun fita daga hannunku, sun shiga nasa, sannan za a dogara da alƙawarinsa. Ko mutumin kirki ne, yaransa za su kunna, za su leƙa, wataƙila ma ya sayar wa wani kafin ya taɓa su. Bankin Morgan Stanley da girmansa haka ya yi. Ya miƙa tsofaffin na'urorinsa ga wani kamfanin kwashe kaya da bai san aikin ba, suka ƙare a kasuwar gwanjo ta intanet da bayanan jama'a a ciki. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 35 kan sakaci da bayanan mutum kusan miliyan 15. Gogewa aikin mai sayarwa ne, kafin a miƙa kaya.

Matattun biyu su ne mutane suka fi rainawa. In aka ce rumbu ya mutu, yawanci ba faifan ne ya mutu ba, abin da ke kewaye da shi ne. Wanda ya yi shiru, sau da yawa allon bayansa ne wuta ta ƙona, abin da ba baƙo ba ne a wurin da ake sauya layi tsakanin NEPA da janareta sau da yawa a yini. Wanda ya san aiki yakan samo allo irinsa, ya ciro ɗan ƙwayar da ke kan tsohon ya mayar kan sabon, rumbu ya tashi. Wani lokaci ma ba a kai nan, bakin da ake jona waya ne kawai ya sami matsala. Mai ƙas-ƙas ɗin ya fi wuya. Wannan ƙarar galibi hannun da ke karanta faifai ne ya lalace yake ta kai da komo, gyaransa sai a ɗaki marar ƙura da kayan aiki masu tsada. Gaskiya ba na jin wani zai kashe irin wannan kuɗi a kan rumbun da bai san na wane ne ba. Amma bayanan suna nan. Kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse a sama ranar 1 ga Fabrairu 2003, aka tsinci wani rumbunsa a ƙasa ya ƙone ya lanƙwashe, duk da haka injiniyoyin kamfanin Kroll Ontrack suka ciro kusan kashi 99 cikin ɗari na abin da ke ciki. To ina ga wanda ke kwance lafiya a durowa?

Kuma ɗan jari bola ba narka shi zai yi a ranar ba. Shi ma kai wa wani yake yi, a can a ware ƙarfe daban, tagulla daban, allunan wuta daban, duk abin da ke da alamar zai tashi a tura wa masu gwadawa. Haka kaya ke yawo daga hannu zuwa hannu. Tun 2006 wani binciken BBC ya nuna ana ciro bayanan bankin mutanen Birtaniya daga tsofaffin kwamfutocinsu da suka iso kasuwannin Legas. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi rumbu ɗaya a Tema ta ƙasar Ghana kan dala 40, suka buɗe suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka. Masu wannan ilimi suna kusa da mu, ba sai an je Turai ba.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda kuma shi ne zai fitar da ke daga jin nauyin baffan yara. Ki tuna irin aikin da marigayi yake yi. Duk wanda ya zo cike fom ya bar wani abu a kwamfutocin nan: hoton fasfo, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, katin NIN, wani har da BVN da lambar asusu, da lambar waya, da sunan mahaifiya. Na san yadda shagunan nan suke. Akwai wata jaka, wato folda, a fuskar kwamfuta da ake jibge duk abin da aka ɗauka da sukana, shekara da shekaru ba mai sharewa. Ga kalmomin sirrin imel na ɗalibai, waɗanda mai shago ne ya buɗe musu ya rubuta a wata takarda don kada su manta. Irin waɗannan bayanai ne 'yan damfara ke nema ruwa a jallo. Da su ake kiran mutum a ce daga bankinsa ne, a karanta masa sunansa da ranar haihuwarsa da BVN ɗinsa har ya saki jiki ya bayar da lambar da aka turo masa. Da su ake cin bashi a manhajojin lamuni da sunan wanda bai ji ba bai gani ba. Mutanen nan amana suka ba marigayi, kuma amanar ba ta mutu da shi ba, tana hannun magadansa. Hukuma ma ta shigo ciki: a watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta kuma ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane don sana'a nauyin tsare su da kawar da su in an gama da su.

Da wannan za ki tunkare shi, ba sai kin ambaci hotonki ko sau ɗaya ba. Ki ce, "Baffa, kwamfutocin nan cike suke da takardun mutane, da NIN ɗinsu da na banki. In aka cuci wani da su, sunan yayanka za a kira. A cire rumbunan kafin a sayar, in akwai ragin da mai saye zai yi, a cire daga kasona." In bakinki ba zai iya ba, ki aika yayanki ko ki faɗa wa Hajiya ta faɗa masa. A kuma sanar da malamin da zai raba gadon, a yi wa rumbunan kuɗi kamar yadda aka yi wa sauran kaya, a rubuta. Tsohon rumbu na hannu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, matacce kuwa kuɗin ƙarfensa ne kawai. Kin ga ba wanda zai ce kin riƙe kayan gado. Saya kika yi a gaban shaidu. Mai saye ma ba wata asara zai yi ba, da yawansu dama sabon rumbu suke sakawa.

Sai dai kada zafin son a rabu da su ya sa a farfasa komai a rana ɗaya. Mai shago irin wannan yakan rubuta wanda yake bi bashi da wanda ke binsa a cikin kwamfuta, kuma kin san bashi ake fara biya kafin a raba gado. Akwai yiwuwar takardar fili, ko ta hayar shago, ko aikin wani ɗalibi da ya riga ya biya bai karɓa ba. Akwai hotunan marigayi da muryarsa a bidiyon suna da na sallah, abin da ƙaramin cikin yaranki zai nema wata rana. A fara kwashe waɗannan zuwa sabon filash ko wani rumbu da zai zauna a hannunki. Na laftof ke za ki zauna ki kwashe da kanki, a gida, tun rumbun yana cikinta. Wasu laftof na zamani suna kulle abin da ke ciki da tsarin BitLocker, in aka zare rumbun ba tare da mabuɗinsa ba, ke ma ba za ki iya buɗewa ba. In kin rasa kalmar sirrin shiga, a kira mai gyara ya zo gida, ya buɗe a gabanki da wani muharraminki, ya tashi. Kada ki yarda da "bar ta ki dawo gobe". Ba zargin masu gyara nake yi ba, yawancinsu neman halal suke, amma kwafe jakar hotuna aikin 'yan mintuna ne, kuma ba ya barin alamar da za ki gani.

Mataccen da ke da hotunanki kuwa sai kin zaɓa. In aka ce a tayar da shi don a ceto hotunan yara, wanda zai yi aikin zai ga duk abin da ke ciki, ba makawa. Ki fara duba laftof da wayar marigayi da asusunsa na Google. Sau da yawa hotunan nan suna da kwafi a can. In kin same su, ko mafi yawansu, ni a ganina a bar matacce ya tafi da sauran.

Waɗanda ke aiki, in an matsa lallai sai an sayar da su tare da kwamfutocin, ana iya wanke su da gaske. A zare rumbun a jona wa wata kwamfuta, a yi masa fomat amma a cire alamar da ke kan akwatin da aka rubuta Quick Format. Tun daga Windows Vista, cikakken fomat sifili yake bi yana rubutawa a kan kowane gurbi. Alamar an yi daidai ita ce daɗewa: awanni yake ɗauka, don haka a tanadi wuta. In mai gyara ya ce ya gama cikin minti biyu, na gaggawa ya yi. A kula kuma, rumbu ɗaya yakan kasance an raba shi gida biyu ko uku, C da D da sauransu, kuma a D ɗin ne mutane suka fi ɓoye kayansu. Kowanne sai an bi ta kansa. Sau ɗaya ya wadatar. Za ki ji masu cewa sai an maimaita sau 7 ko sau 35, wannan maganar rumbunan shekarun 1990 ce.

Amma na tebur ukun nan, da tarin takardun jama'a da ke ciki, da matattun biyu da ba sa karɓar gogewa tunda ba sa tashi, fasa su ya fi kwanciyar hankali. Ba dukan murfi da guduma ba, wanda zai lotsa waje ya bar ciki lafiya. A kwance murfin. Sukurorinsa masu kan tauraro ne, masu gyaran waya suna da sukudirebansu, kuma akwai ɗaya ko biyu da ke ɓoye a ƙarƙashin takardar da aka manna a sama. In an buɗe za a ga faifai ɗaya ko fiye, zagayayye, mai sheƙi har mutum na ganin fuskarsa. Shi ne abin nema. Na kwamfutar tebur yawanci alminiyam ne, sai a kai wa mai walda ya kankare fuskarsa da injin gurza ƙarfe, ya yanka shi gida-gida, ko a huda shi wurare da yawa a lanƙwasa. Na ƙaramin rumbu irin na laftof sau da yawa gilashi ne, bugu ɗaya yake tarwatsewa, saboda haka a naɗe shi a tsumma kafin a buga, a kawar da yara, a kare ido. Wanda kika aika ya tsaya a yi a gabansa, ya dawo miki da gutsattsarin ki gani. Maganaɗisun lasifika da wasu ke gogawa a jiki ba ya yin komai. A cikin rumbun kansa akwai wanda ya fi shi ƙarfi, suna zaune tare shekara da shekaru. Wuta ma a bar ta. Hayaƙin allon guba ne, kuma wutar bola ba lallai ta cinye faifan ba.

Laftof ɗin a duba irin rumbunta. In sabuwa-sabuwa ce, wataƙila SSD ne, wanda ba shi da faifai sam, ɗan siririn allo ne mai baƙaƙen ƙwayoyi a jere. Shi cikakken fomat ba ya isa ko'ina a cikinsa, domin yana da wuraren ajiya na ɓoye da yake jujjuya bayanai a kai. Ko a goge shi da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, ko a fasa kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya; huda a tsakiya tana iya wucewa ta bar su lafiya. Tunda a nan hotunanki suke, a cire shi kawai ki riƙe. In irin wanda aka like a jikin babban allon laftof ɗin ne ba ya cirewa, to ki sa laftof ɗin gaba ɗaya a cikin kasonki, yara ma za su yi karatu da ita.

Injin fotokwafi shi ne wanda kowa ke mantawa. Manyan injinan ofis da yawa suna da rumbu a ciki, wanda ke riƙe hoton takardun da aka ɗora a kansu. A 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffi guda huɗu a wani sito a New Jersey, aka ciro takardun 'yan sanda da na asibiti daga cikinsu, har wani kamfanin inshorar lafiya da ɗaya daga injinan ya fito daga wurinsa ya biya hukuma fiye da dala miliyan 1 daga baya saboda wannan sakaci. A sa mai gyaran injin ya duba ko naku yana da shi. In yana da shi, a nemi wurin goge ajiya a cikin saitinsa a goge kafin a ɗauka, domin wasu injinan ba sa aiki in an zare musu rumbu, kada ciniki ya lalace.

A bi durowoyin shagon a tattara filash da katin memori da tsofaffin faya-fayan CD, da tarin fotokwafin da suka lalace aka jibge a kwali, kada su ƙare a hannun mai ƙosai da NIN ɗin wani a jiki. Layin wayar marigayi ki riƙe shi da rai har a gama da banki da imel ɗinsa, don ta nan lambobin shiga ke zuwa, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar da shi ga wani. Ki shiga asusunsa na Google ki sauya kalmar sirri, ki fitar da duk kwamfutocin shagon daga ciki, in ba haka ba hotunan da kika tsare a rumbu suna iya buɗewa ta intanet.

Ranar da za a yi aikin, a rubuta lambar jikin kowane rumbu a takarda, da abin da aka yi masa, baffan yara da wani shaida su sa hannu, a haɗa da takardun gado. Murafan da allunan da gutsattsarin faifan, bayan an gama, a ba ɗan jari bola ya auna, kuɗin a zuba cikin na magada.